Kunne Ba Shi da Murfi: Abin da Ƙara Ke Yi wa Mai Hawan Jini

Ɗakin gwaggona yana jikin katangar waje, tagarsa tana kallon lungu. Daga hantsi zuwa la'asar injin markaɗen bakin lungun ne ke da bakin magana. In mai shi ya tayar, sai mutanen tsakar gida su koma zance da hannu. Da magariba injin ya huta, sai maƙwabci ya jawo ɗan janaretansa ya girke daidai ƙasan tagar nan, saboda nan ne ya fi nisa da nasa ɗakin. Haka zai yi ta ruri har man ya ƙare, wajen biyu ko ukun dare. Gwaggo kuwa ta yi shekaru tana shan maganin hawan jini ba fashi. Ta rage gishiri, ta rage dunƙule a miya, kitse ma ta haƙura da shi, amma duk ranar asibiti maganar ɗaya ce: jinin bai sauka yadda ake so ba.

Ran nan na ce da ita, "Gwaggo, wai wannan janaretan ba ya hana ki barci?"

Ta ce, "Haba ɗan nan, ai tuni na saba. Ranar da aka kawo wuta ya yi shiru ma, ji nake kamar an ɗauke wani abu daga ɗakin."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma ba rashin kunya zan yi mata ba in na tuna da cewa sabo turken wawa ne. Ta saba ɗin, amma a hankalinta. Abin da likitocin zuciya suka yi sama da shekara 40 suna tonowa shi ne, hankali yana sabawa da ƙara, jijiyoyin jini kuwa ba sa yi. Ido yana da murfi, in ka gaji da kallo sai ka runtse. Kunne ba shi da shi. Kana barci yana tsaye yana gadi, duk abin da ya ji sai ya kai rahoto, jiki kuma yana amsa rahoton ko da kai ba ka farka ba.

Kafin a je ga jini sai an san yadda ake auna ƙara, don ma'aunin yana da yaudara. Da desibel ake auna ta. Raɗa tana kusan desibel 30, hirar mutum biyu kusan 60, titi mai cunkoson motoci 70 zuwa 85, injin niƙa kuwa in kana tsaye a kansa yakan haura 90. Sai a ga kamar tsakanin 60 da 90 babu wata tazara. Akwai, domin ma'aunin ba taka tsani yake yi ba, ninkawa yake yi. Duk ƙarin desibel 10, ƙarfin amon ya ninka sau goma, kunne kuma ya ji kamar ya ninka sau biyu. Daga 60 zuwa 90 ke nan ƙarfin ya ninka sau dubu. Janareta biyu iri ɗaya a wuri guda kuwa desibel 3 kacal suke ƙarawa kan na guda ɗaya, amma ukun nan ba abin rainawa ba ne. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyakar desibel 85 ga mai aikin awa 8. In ƙarar ta kai 88 lokacin ya koma awa 4, in ta kai 100 minti 15 ne kawai. Sai a lissafa awa nawa yaron injin niƙa, ko mai gogar ƙarfe a shagon walda, ko mai yankan katako ke yi a bakin aiki ba ko ƙyalle a kunnensa.

Sai dai waccan iyaka ta kare ji ce, don kada mutum ya kurmance. Iyakar zuciya tana can ƙasa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar motoci ya wuce desibel 53 in an haɗa dare da rana, da dare kuma kada ya wuce 45. Ta jiragen sama da dare 40 aka sa. Desibel 45 ko hirar mutum biyu bai kai ba. Ƙarar da ba za ta yi wa jinka komai ba tana iya taɓa jininka.

Lambobi biyun nan da ake karanta wa mutum a asibiti, ta sama ita ce matsin jini a jikin jijiya lokacin da zuciya ta matse ta harba, ta ƙasa kuma matsin da ya saura tsakanin bugu da bugu. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 a sama ko 90 a ƙasa, ko fiye, shi ne hawan jini. Abu biyu ke tsayar da matsin: yawan jinin da zuciya ke turowa, da faɗin hanyar da zai bi. Duk wanda ya taɓa wanke mota da tiyo ya san na biyun, ka danne bakin tiyon da babban yatsa ruwa ya yi tsartuwa. A jijiya lissafin ya fi haka tsanani, don in faɗinta ya ragu da kashi 10 cikin 100 kawai, turjiyar da jini zai tarar tana ƙaruwa da kusan rabi.

Ƙara tana taɓa duka biyun. Amo ya shiga kunne, saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa, tun kafin ɓangaren tunani ya tantance ko mene ne, wani ɗan curi da bai fi ƙwallon dabino ba, wanda masana ke kira amigdala, ya riga ya kaɗa ƙararrawa. Shi ne maigadin gidan, kuma maigadi ne da ba ya bambance gurnanin zaki da hon ɗin tirela. Daga nan jijiyoyin ko-ta-kwana su ɗauka, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune kan ƙoda kamar hula su tsiyayo sinadarin adrenalin, kotisol ya biyo baya. Zuciya ta ƙara sauri, ƙananan jijiyoyi su tsuke, cikin daƙiƙu jini ya hau. In abin ya ja lokaci, ƙoda ma ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Ga mutumin da dabba ta taso masa a daji wannan rahama ce, jiki ya ɗaura ɗamarar gudu. Ga wanda ke kwance kan katifarsa a-daidaita-sahu mai fasasshen salansa ya wuce, shirin yaƙi ne babu abokin gaba. A 2020 likitocin asibitin Massachusetts General da ke Boston suka wallafa abin da suka gani a hotunan ƙwaƙwalwa da jijiyoyin mutum kusan 500: mazauna wuraren ƙarar tituna da jirage amigdalarsu ta fi tashi, bangon jijiyoyinsu kuma ya fi kumburi.

To ai kowa jininsa yana hawa in ya firgita, me ya sa aka ware mai hawan jini? Bambancin yana wuri biyu, inda aka taso da kuma birki. Mai 115 a sama in ƙara ta ɗora masa maki 10, ya je 125 ya dawo, ba abin da ya faru. Mai 155 in an ɗora masa goman nan, kaya ne kan kaya. Sannan jiki yana da 'yan na'urorinsa a jijiyoyin wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, masu jin yadda bango ke miƙewa. Da jini ya hau sai su sa zuciya ta lafa, jijiyoyi su saki. Wanda ya daɗe da hawan jini, na'urorin nan sun riga sun ɗauki matsi mai yawa a matsayin daidai, bangon jijiyar kuma ya yi kauri ya sandare kamar tiyon da ya shekara a rana. Birkin ya cinye, ba ya kamawa da wuri. Tun farkon shekarun 1980 Lennart Andrén da Lennart Hansson a Gothenburg ta Suwidin suka riƙa shigar da masu hawan jini ɗakin gwaji suna kunna musu ƙara mai kusan desibel 100 na minti 10, kuma cikin 'yan mintocin nan jinin ke hawa.

Amma a nawa ganin, ba wannan irin ƙara ta firgici ce ta fi cancantar tsoro ba. Taya ta fashe a titi, gabanka ya faɗi, ka yi salati, bayan minti biyar ka manta. Ɓarnar tana wajen ƙaramar ƙarar da ke zuwa kowane dare, wadda aka daina ma kiranta ƙara.

Dare shi ne hutun jijiyoyi. Mai lafiya in ya yi barci, jininsa yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abin da yake da rana. A wannan sa'o'i ne zuciya da ƙoda da ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke samun sararawa. Akwai masu hawan jini da yawa waɗanda nasu ba ya yin wannan sauka, kuma an daɗe da sanin cewa su suka fi shiga haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da kaurin tsokar zuciya, da lalacewar ƙoda. Har ta kai awon dare ya fi awon da ake yi a ɗakin likita nuna abin da ke gaba. Abin da ƙara ke yi shi ne tsinka wannan hutu gunduwa-gunduwa. Ba sai ta tashe ka zaune ba. Ƙwaƙwalwa takan yi ɗan firgigit na 'yan daƙiƙu, barci mai nauyi ya koma mai sauƙi, zuciya ta yi tsalle, sannan a koma. Da safe ba za ka tuna ko ɗaya ba, sai dai ka ce ka tashi jiki ba ƙwari, ka ɗora laifin kan zafi ko sauro. Gwaje-gwajen ɗakunan barci a Jamus sun nuna cewa bayan 'yan kwanaki mutane kan rage farkawa da ƙorafi, amma tsallen da zuciya ke yi wa kowace ƙara yana nan bai gushe ba. Sabon gwaggo ke nan.

Akwai wani babban bincike da aka yi a Turai mai suna HYENA. Kalmar a Turanci kura ce, amma ba kura ake nufi ba, gajarta dogon suna ce ta faɗo haka. A wani reshe nasa da aka wallafa a 2008, an ɗaura wa mutum 140 mazauna kusa da filayen jirgin sama huɗu, ciki har da Heathrow ta Landan, na'urar da ke auna jini duk minti 15 cikin dare, aka kuma ajiye abin naɗar sauti a ɗakin kwanansu. Duk ƙarar da ta haura desibel 35 a cikin ɗakin aka lissafa. A tazarar da jirgi ya wuce, lambar sama ta ɗaga da kimanin maki 6, ta ƙasa da kimanin 7, alhali mutanen suna kwance. Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne, da aka kwatanta, jinin bai damu da mai ƙarar ba. Ko jirgi ne, ko mota, ko minsharin abokin kwana, tsawon ƙarar shi ne abin dubawa. Wannan ne ya sa binciken da aka yi a gefen filin jirgin Landan ke da abin faɗa game da janaretan da ke ƙasan taga a Kano ko Maraɗi.

Tunda an ambaci minshari, bari in ɗan ratse. Mai minsharin da numfashinsa ke tsayawa ya dawo da shaƙa, ba abokin kwanansa kaɗai yake cuta ba. Wannan ɗaukewar numfashi a barci tana cikin manyan dalilan hawan jinin da ke ƙin jin magani, kuma abu ne da ya kamata matar gida ko maigida ya gaya wa likita, don mai yi bai san yana yi ba.

A Mainz ta Jamus, wadda ke shan ƙarar jiragen filin Frankfurt, Thomas Münzel da abokan aikinsa sun bi ta wata hanya. Sun ba mutane na'ura su tafi gida su kwana a gadonsu, tana kunna musu ƙarar wucewar jirgi sau 30 ko sau 60 a dare ɗaya. A gwajin 2013 masu lafiya ne su 75. Da gari ya waye aka tarar adrenalin ya ƙaru, barci ya lalace, jijiyar hannu kuma ba ta buɗewa yadda ta saba. Dalilin yana jikin wata siririyar shimfiɗa da ke lulluɓe cikin kowace jijiya, wadda ke fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki. Ƙara tana raunana wannan aiki. A 2015 suka maimaita da mutum 60 masu ciwon jijiyoyin zuciya ko waɗanda ke bakin kamuwa, irin mutanen da ke kan magani. Su illar ta fi fitowa fili, kuma lambar sama ta ɗaga da kusan maki 4 bayan dare ɗaya tak. A lura, dare ɗaya. Gwaggo ta yi dubbai.

In an tara darare suka zama shekaru, me ake gani? Babban ɓangaren HYENA ya duba mutum 4,861 masu shekara 45 zuwa 70 da suka yi aƙalla shekara 5 kusa da filayen jirgi shida, aka samu duk ƙarin desibel 10 na ƙarar jirgi da dare yana tafe da ƙarin kashi 14 cikin 100 na yiwuwar hawan jini. A 2023 aka wallafa wani da ya bi mutum sama da 240,000 a Birtaniya, waɗanda ba su da hawan jini da farko, tsawon kimanin shekara 8. Mazauna bakin tituna masu ƙara sun fi kamuwa, ko bayan an cire tasirin hayaƙin motoci daga lissafi, waɗanda suka haɗa ƙara da hayaƙi kuwa su ne a sahun gaba. Akwai kuma gwajin da ba wanda ya shirya shi. A 1992 birnin Munik na Jamus ya rufe tsohon filin jirginsa ya buɗe sabo a wani wuri. Masana suka auna yaran makaranta kafin da bayan ƙaurar, suka ga yaran da jiragen suka koma kansu jininsu da sinadaran firgici sun ɗaga. Sai kuma kullen korona na 2020, da jirage suka tsaya cak: a wata unguwa da ke gefen filin jirgin Krakow a Foland, mutanen da dama ana bibiyarsu jininsu ya sauka da 'yan maki, jijiyoyinsu suka ɗan yi laushi. Wannan na ƙarshe ya fi faranta mini rai, don ya nuna in an ɗauke ƙarar jiki yana iya dawowa.

Kada a zuzuta abin fiye da kima. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tace binciken da ke hannu a 2018, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta toshewar jijiyoyin zuciya, inda haɗarin ke ƙaruwa da kashi 8 cikin 100 kan kowane desibel 10 na ƙarar titi. Ta hawan jini a lokacin ta sa ta a mataki na ƙasa, domin yawancin binciken sun auna mutane ne sau ɗaya ba su bi su shekaru ba, ga shi wanda ke zaune a bakin titi galibi shi ne mai shaƙar hayaƙi, shi ne kuma mai ƙaramin ƙarfi. Ƙara ba ta kai gishiri ba, ba ta kai ƙiba da gado da tsallake magani ba. Wanda ya ajiye ƙwayarsa ya ce janareta ne matsalarsa, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Amma 'yan makin nan ma suna da nauyi. Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2021, wanda ya haɗa gwaje-gwajen magani 48, ya nuna rage maki 5 daga lambar sama yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da dangoginsu da kusan kashi 10 cikin 100. Makin da ake kashe kuɗi a kemis don a sauke, su ne ƙara ke mayarwa kyauta cikin dare.

A Najeriya kusan kowane baligi ɗaya cikin uku yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Ƙararmu kuma ba irin ta Turai ba ce da ake iya zana taswirarta a bi layin jirgi. Tamu a warwatse take, kuma ta fi kusa da kunne. Janareta a kowane shago, lasifikar mai tallan maganin gargajiya, kiɗan biki da ake toshe layi a kwana ana yi, majalisi ko taron addu'ar dare da aka juya lasifikarsa waje alhali masu sauraron suna ciki, ga 'yan babur masu cire salansa don a san sun wuce. Zafi ya zo ya ƙara dagula lissafi. Bature in ƙara ta dame shi sai ya rufe taga mai gilashi biyu. Mu a watan Afrilu wa zai rufe taga? Tabarma ake ɗauka a fito tsakar gida, inda babu komai tsakaninka da amon unguwa sai gidan sauro.

Ginin kakanninmu ya fi namu sanin wannan, ko da ba don shi aka yi ba. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye sauti, don nauyin bango shi ke tare amo. Sannan sai ka wuce zaure, ka wuce shigifa, kafin ka kai ɗakunan kwana can ciki nesa da hanya. Yanzu an sayar da gaban gida an yi shaguna, an yi ɗaki da bulo mai rami da rufin kwano, taga a bakin titi, kuma sau da yawa tsohuwar gidan ake ba wannan ɗaki don ya fi kusa da ƙofa.

Doka kuwa akwai ta. Hukumar NESREA mai kula da kare muhalli a Najeriya tana da ƙa'idojin ƙara tun 2009, waɗanda suka sa iyakar desibel 50 da rana da 35 da dare a unguwannin zama. Duk wanda ya kwana a cikin gari ya san takardar tana gabas, zahiri yana yamma. Legas ta taɓa gwada ƙarfi a 2016, ta rufe coci 70 da masallatai 20 da wasu otal-otal saboda ƙara. Filin jirgin Frankfurt kuma tun 2011 aka hana shi tashi da saukar jirage daga 11 na dare zuwa 5 na asuba. A wajenmu dai abin da ya fi saurin aiki har yanzu shi ne mai unguwa, da liman, da kunyar maƙwabci.

Abin da mutum zai iya yi da hannunsa ya fi yadda ake zato, kuma babbansu nisa ne. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da mai ƙara, desibel 6 ke raguwa. Janaretan da ke mita ɗaya da taga in ya koma mita takwas, an zubar da kusan desibel 18, in akwai katanga a tsakani ya fi haka. Kuɗin abin bai wuce na doguwar waya ba. Amma kada neman shiru ya sa a shigar da shi ɗaki ko lungun da iska ba ta ratsawa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar gubar da ba ta da wari, kuma ta sha kashe iyali guda a dare ɗaya. A gyara salansa, a ɗora shi kan tsohuwar taya don kada girgizarsa ta bi ƙasa ta shiga bango. In gidan yana da ɗakin ciki, mai hawan jini ya fi kowa cancantarsa. Masu aiki a bakin inji su nemi abin toshe kunne na soso, ana samunsa da araha, auduga kuwa kusan ba abin da take tarewa. Ƙarar da ke zuwa ta katse ta dawo ta fi tsinka barci a kan wadda ke tafiya bai ɗaya, shi ya sa fanka ba ta yin abin da hon ke yi.

Wajen awo ma ƙara tana shiga. Ƙa'ida ita ce a zauna shiru minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ba magana. Magana kaɗai tana iya ɗaga lambar da maki da dama. Wanda ya sauko daga a-daidaita-sahu, ya kutsa layin asibiti ana ta kiran suna da ihu, aka ɗaura masa abin awo yana amsa waya, lambar da aka samu ta hanya ce ba tasa ba. Mai na'ura a gida ya riƙa aunawa safe da yamma yana rubutawa, ya kuma sa alama a daren da aka kwana da kiɗa ko janareta. Likita ba zai tambaye ka me ke ƙasan tagarka ba, kai za ka faɗa masa. Manyan asibitoci suna da na'urar da ake ɗaura wa mutum awa 24, ita ce ke nuna ko jinin yana sauka da dare. Lokacin shan magani kuwa ba a canza shi da ka. In awo ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, ga ciwon ƙirji, ko matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, wannan ba maganar ƙara ba ce kuma, asibiti ake nufa nan take.

Maƙwabcin gwaggo na same shi bayan isha'i a ƙofar gidansa. Muka gaisa, na ce, "Malam, alfarma na zo nema, tsohuwarmu ce ba ta da lafiya, ga hawan jini." Kunya ta kama shi, ya ce wallahi bai taɓa kawo wa ransa ba, tunda ba ta taɓa magana ba. Muka haɗa kuɗin waya, janaretan ya koma bayan gidansa, jikin katangar da ke kallon fili.

Bayan mako guda na leƙa. Ta ce, "Kai ɗan nan, wannan shirun naku ya kusa sa ni makarar asuba har sau biyu."

Injin markaɗen yana nan yana abin da ya saba, shi kam ba inda za a kai shi, abincin mutane ne. Na saya mata ƙaramin littafi, jikarta ce ke rubuta awon safe da na yamma, tana ja wa ranakun biki layi a ƙasa. Yana ƙarƙashin filonta, ranar asibiti mai zuwa za su tafi da shi.